Riƙon marayun yayan mijina na neman kashe min aure, ya zan yi?

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan mamacin, ya raya abin da ya bari. Tun jiya da daddare na karanta saƙonki amma ban amsa ba, don ba irin maganar da ake amsawa a tsaitsaye ba ce. Kin ce shekararku 8 da aure Allah bai kawo haihuwa ba tukunna, sai yayan maigidanki ya rasu ya bar yara, uwarsu ta fita takaba aka ɗan jima ta yi aure, dangi suka zauna suka ce tunda ku ba ku da hidimar yara ku ɗauki biyu, mace 'yar shekara 9 da namiji ɗan shekara 5. Ba a kira ki zaman ba, da daddare kawai ya shigo ya ce miki ranar Juma'a za a kawo su. Yau wata takwas ke nan, yaron kullum sai ya jiƙa katifa, yarinyar tana ɓoye abinci, ranar da kika yi mata faɗa kuma ta kalli tsabar idonki ta ce ai ke ba uwarta ba ce. Gwaggonninsu in sun zo sai sun ja su gefe suna tambaya ko ana ba su abinci su ƙoshi, shi kuma maigidan duk abin da kika kawo masa amsa ɗaya ce, ki ji tsoron Allah marayu ne. Kun daina hira, kun daina cin abinci tare, har shimfiɗa ta yi sanyi. Kina tambaya wai ke muguwa ce da kike jin kin gaji, sannan ki ce a mayar da su ne ko ki ci gaba da haɗiyewa.

Toh ki kwantar da hankalinki, ke ba muguwa ba ce. Na daɗe ina aikin walwalar jama'a da sulhun ma'aurata, ni kaina na riƙi 'ya'yan ƙanwata biyu har na aurar da ɗaya, kuma wallahi matan da na gani da idona suna gallaza wa 'ya'yan riƙo babu wadda ta taɓa zuwa ta zauna gabana tana kuka tana tambaya ko ta yi laifi. Gajiya ce ta kama ki, gajiya kuwa ba rashin imani ba ce.

Abin da na hango a maganarki, ciwon gidanku ba daga yaran ya taso ba. Ya fara ne tun daren nan da aka sanar da ke maimakon a shawarce ki. Maza su zauna a zaure su yanke, su yi addu'a su shafa su tashi da ladarsu, amma wa zai tashi da asuba ya cire zanin gado mai zarni, wa zai yi kitso, wa zai bi layin asibiti, wa za a zaga in yaro ya rame? Matar gida ce. An ɗora miki kaya ba a ce ki kawo gammo ba, shi ya sa duk ƙaramin abin da yaran suka yi yake faɗowa a kan wancan tsohon mikin, shi kuma maigidan da ya ji kin yi ƙorafi abin da yake shiga kunnensa shi ne kina ƙin jinin ɗan uwansa da ke kabari. Kowannenku yana magana ne daga inda ke masa ciwo, ba wanda ke jin ɗaya.

Akwai ƙissar da nake yawan karanta wa maza a irin wannan zaman, tana cikin Bukhari. Shekara ta 7 bayan hijira, Manzon Allah (SAW) ya gama umara zai bar Makka, sai 'yar Sayyidina Hamza, marainiya tunda mahaifinta ya yi shahada a Uhudu, ta biyo su tana kira. Mutum uku suka yi jayayya kan wa zai riƙe ta, Aliyu da Ja'afar da Zaidu, kowa da hujjarsa. Aliyu ya ce 'yar baffana ce, Zaidu ya ce 'yar ɗan uwana ce, Ja'afar ya ce ni ma 'yar baffana ce kuma 'yar uwar mahaifiyarta ita ce matata. Sai Annabi ya ba wa gidan Ja'afar, ya ce 'yar uwar uwa tana matsayin uwa. Ki lura da kyau, mazan duk mutanen kirki ne na gani na faɗa, amma abin da aka duba shi ne macen da yarinyar za ta wuni a hannunta. Mu kuma yau ita ce ta ƙarshe da ake sanar wa. Sannan ki tambayi duk malamin da kika yarda da shi, zai gaya miki rainon 'ya'yan dangin miji ba wajibin aure ba ne a kanki, kyautatawa ce kike yi da neman lada. Ban faɗi haka don ki je ki yi masa gori da shi ba, na faɗa ne don ki san matsayinki, shi ma ya san cewa abin da kike yi abin godiya ne.

Yanzu bari mu zo kan yaran, don in kin gane abin da ke damunsu rabin haushin zai sauka. Ki lissafa abin da suka rasa cikin ɗan lokaci kaɗan: uba ya mutu, uwa ta tafi gidan wani, an raba su da sauran 'yan uwansu, an canza musu gida da unguwa da makaranta da ƙawaye, har ɗanɗanon miya ya canza. Babba ma in aka yi masa haka sai ya zautu bare ɗan shekara 5. Yaro ba ya iya cewa ina cikin baƙin ciki, jikinsa ne ke faɗa. Fitsarin kwance a shekara 5 abu ne da ake gani sosai ko ga yaron da ke gaban iyayensa, kuma yaron da ya riga ya daina yakan koma yi in ya shiga tashin hankali irin wannan, ba da gangan yake yi ba, yana barci abin ke zuwa. Don Allah kar a dake shi, kar a tara masa yara suna yi masa amalala mai fitsarin kwance, tsoro da kunya ƙara abin suke yi. Ki sa ledar shimfiɗa a katifar, ya sha ruwansa sosai da rana a rage bayan magariba, ya yi fitsari kafin ya kwanta. Kuma a kai shi asibiti a duba fitsarin, saboda ciwon mafitsara da taurin bayan gida da ciwon suga da sikila duk suna iya kawo shi, in kuma kin taɓa ganin jini a fitsarin to a duba tsargiya.

Ɓoye abinci kuwa na san shi a cikin gidana. Watan farko da aka kawo min yaran ƙanwata, wata rana ina gyaran ɗaki na ji wani tsami-tsami, na ɗaga jakar islamiyyar ƙaramar sai ga malmalar tuwo guda a ƙulle cikin leda a tsakanin littattafai har ta fara yauƙi, gefe kuma ga gutsuren ƙosai. Raina ya ɓaci ƙwarai don a ganina wannan ai shaida ce za a ce ina hora ta da yunwa, alhali da hannuna nake ƙara mata. Wata dattijuwa da muke aiki tare ita ta ce min kar in yi mata faɗa, in samo ƙaramin kwano mai murfi in ce wannan naki ne, kullum da daddare in sa mata ɗan wani abu a ciki, ko biredi ko gyaɗa ko dabino, ta ajiye kusa da inda take kwana. Kwanakin farko kafin in juya baya ta cinye. Daga baya sai in tarar da shi da safe ba ta taɓa ba, ta dai buɗe ta ga yana nan ta rufe. Ba yunwar ciki ke damunta ba, so take ta tabbatar gobe ma akwai, tunda ta ga abubuwan da ta ɗauka ba sa ƙarewa sun ƙare rana ɗaya.

Maganar ke ba uwata ba ce na san ta soke ki fiye da yadda za ta soki wata, saboda ta taɓa wurin da kika shekara 8 kina jinya. Amma yarinya 'yar shekara 9 ba ta san zurfin abin da ta faɗa ba. Tsoro take kar son ki ya zama cin amanar uwarta, sannan tana gwada ki ne ta ga ko ke ma za ki tafi. In ta sake faɗa ki daure ki ce mata gaskiya ne, Ummanki tana nan kuma ba wanda zai ƙwace matsayinta, ni Antinki ce, a gidan nan kuma ni ke kula da ke, yanzu tashi ki ɗauke kwanon nan. Ba ki yi musu da ita ba, ba ki kuma janye umarninki ba. Kar ki tilasta musu su kira ki Umma ko Mama, ki bar bakinsu ya zaɓa da kansa. Kuma a bar su suna ganin uwarsu, a sa rana sananniya, ko duk ƙarshen wata ko lokacin hutu, su riƙa gaisawa ta waya. Za ki ga in sun dawo daga wurinta sun ɗan birkice kwana biyu, haka abin yake, ba lallai zuga su aka yi ba.

Toh ga inda na fi so ki tsaya, tsakaninki da maigidanki. Akwai wasu ma'aurata da suka taɓa zuwa ofis da magana kusan irin taku, suka zauna a benci ɗaya shi a wannan ƙarshen ita a wancan, jakarta a tsakiya. Ya yi ta bayani shi ke biyan kuɗin makaranta, shi ke sayen takalmi, bai rage su da komai ba, me kuma ake so ya yi. Na ce Malam, zanin gado nawa ake wankewa a gidanka a sati? Ya yi shiru. Na ce wane ajin yarinyar take, wa ke kai su asibiti, yaushe rabon da ka ce wa matarka sannu? Ya sunkuyar da kai, ita kuma sai hawaye, ta ce Hajiya ni ba aikin ne ya dame ni ba, ko sau ɗaya bai taɓa tambayata ya nake ba. Mutumin nan ba azzalumi ba ne. Makokin ɗan uwansa yake yi a ɓoye, ya mayar da yaran kamar amanar da in an taɓa ta an taɓa mamacin, bai lura ya mayar da matarsa abar tuhuma a ɗakinta ba. Ina kyautata zaton naki ma haka ne. Namijin Bahaushe da wuya ya zauna ya yi kuka a gabanki, sai dai ki ga ya zama mai saurin fushi ko ya daɗe a majalisa.

Don haka zaman da ba a yi da ke ba wata takwas da suka wuce, yanzu za ku yi shi, ku biyu rak. Kar ki tayar da maganar lokacin da ya shigo a gajiye ko lokacin da yaro ya yi ɓarna ranki na tafasa. Ki nemi lokaci, ki ce masa akwai maganar da kike so ku yi in yara sun yi barci. Ki fara da ta'aziyya ko da kin yi masa sau goma a baya, ki ce kin san rashin Yaya bai sake shi ba. Sannan ki ce ina son yaran nan su zauna da mu, amma ni kaɗai ba zan iya ba, ina bukatarka. Wannan jimlar ta farko ita ke buɗe kunnensa, don abin da yake tsoro shi ne ki ce a kwashe su. Kar ki ce 'ya'yan ɗan uwanka sun yi kaza, ki kira su da sunansu ko ki ce yaran nan namu. Kuma ki zo da abubuwa ƙwarara da zai iya yi, saboda in kika ce masa kawai ba ka taimaka min zai ce me kike so in yi, a tashi ba a cimma komai ba. Shi ya riƙa tashin yaron ya kai shi bayi kafin shi ya kwanta. Shi ya riƙa tafiya da shi masallaci da wurin aski. Ya zauna da yarinyar ya duba littafinta ko sau biyu a sati. In da hali a samo mai taya ki wanki. Sannan babbar doka, ba ya warware hukuncinki a gaban yara, ke ma ba kya warware nasa, in yana ganin kin tsananta ya bari sai kun shiga ɗaki. Yaran da suka gane Baffa na kare su daga Anti sun sami ƙofar da za su riƙa bi, su kansu kuma hankalinsu ba ya kwanciya a gidan da manya biyu ba sa magana da murya ɗaya.

Gwaggonni kuwa ba yaƙinki ba ne, nasa ne. 'Yan uwansa ne, ke in kika tanka an ce matar ƙani ta yi rashin kunya, shi in ya faɗa magana ta ƙare. Ya gaya musu cikin mutunci cewa mai son ganin yara ƙofa a buɗe take, mai ƙorafi ya same shi, amma ba a jan yaro lungu ana yi masa tambayoyi kan matar da ke dafa masa, don hakan koya wa yaro ake yi cewa ba a amince da hannun da ke ciyar da shi ba. Kuma duk mai tausayin marayu da gaske ga hanya, ta ɗauke su hutun sati ɗaya, ko ta ɗauki ɗinkin sallah, ko kuɗin islamiyya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A Romaniya an yi wani babban bincike a birnin Bukares daga farkon shekarun 2000 a kan yara 136 da ke gidajen marayu, aka mayar da rabinsu hannun iyalai, aka bi su shekara da shekaru. Waɗanda suka tashi cikin iyali sun fi samun ci gaban ƙwaƙwalwa da magana da shaƙuwa, waɗanda kuma suka zauna gida ɗaya ba a yi ta yawo da su ba sun fi kwanciyar hankali da suka girma. Abin da mutane ke mantawa shi ne iyalan nan ba a sake su haka kawai ba, ana biyansu, ma'aikatan walwala kuma na zagayo su a kai a kai suna jin matsalarsu. Mu a nan babu mai biyan ki, to dangi su ne ya kamata su tsaya a wannan gurbin.

Maganar kuɗi kar ku ji kunyarta, don ita ke kashe zumunci daga baya. In mamacin ya bar wani abu, gida ko gona ko kuɗin sallama daga wurin aiki, a raba gado a fitar da rabon yaran a rubuta a gaban shaidu, a ajiye daban kar a cakuɗa da kuɗin cefane ba lissafi. Suratun Nisa'i aya ta 6 ta ce mai kula da dukiyar maraya in mawadaci ne ya kame, in mabukaci ne ya ci gwargwadon abin da aka sani, in za a miƙa musu dukiyarsu kuma a kafa shaidu, aya ta 10 kuma kin san gargaɗin da ke cikinta ga masu cin dukiyar marayu da zalunci. Littafi ɗaya na naira kaɗan da za ku riƙa rubuta abin da aka kashe musu daga nasu zai kare ku daga zargin shekara ashirin. Sunan mahaifinsu shi za su ci gaba da amsawa a makaranta da takardar haihuwa kamar yadda Suratul Ahzab ta yi umarni, ke kuma ba sa gadonki, in kina so ki bar musu wani abu sai ta kyauta ko wasiyya da ba ta wuce sulusi ba. Ki kuma sa a ranki tun yanzu yarinyar muharramar mijinki ce tunda baffanta ne, amma yaron in ya balaga ba muharraminki ba ne tunda ya wuce shekarun shayarwa, sai ku fara tunanin ɗakinsa tun kafin lokacin ya zo.

Akwai abin da ba ki faɗa ba amma na ji shi a ƙarƙashin maganarki. An ba ku yaran ne da hujjar ba ku da naku, wataƙila har an ce miki riƙo na janyo haihuwa. Haihuwa ta Allah ce, kuma a likitance babu abin da ya haɗa ta da riƙo, kar ki ɗora wa yaran nan wannan jiran, kar kuma kowa ya sa ki ji kamar an ba ki su ne a madadin abin da kika rasa har ki daina nema. Ki gaya wa maigidan a fili cewa zuwansu bai rufe maganar asibiti ba, kuma ku biyu za ku je a duba, don matsalar tana iya zama ta mace tana iya zama ta namiji.

Ku kuma dawo da abin da ya haɗa ku tun kafin yara. Shekara 8 kuna ku biyu, kin saba in ya dawo ke yake nema, yanzu da ya yi sallama yara sun rufe shi ke kina madafa, dole ki ji kamar an ture ki, kuma ba abin kunya ba ne ki faɗa masa haka. Yara su yi barci da wuri a ɗakinsu, ƙarfe tara ta yi musu, a koya musu ƙwanƙwasa ƙofa. Ku koma cin abincin dare a kwano ɗaya ko da shayi da biredi ne, kuma a wannan ɗan lokacin ban da zancen fitsari da kuɗin makaranta. Shimfiɗa ba ta gyaruwa da turare da kayan mata in zuciya na ɗauke da ƙulli, in hirar ta dawo ita ma za ta biyo baya. Ke ma ki nemi rana ɗaya a sati da za ki fita ki je gidanku ko wurin ƙawa ki sha iska ba tare da yaro a hannu ba. In kuma kin ga sama da sati biyu ba kya barci, abinci ba ya miki daɗi, kuka na zuwa ba dalili, ko kin fara jin tsoron abin da hannunki zai yi wa yaran in ranki ya ɓaci, to ki je ki ga likita ki faɗa masa kamar yadda kika faɗa min, yana iya zama ciwon damuwa ne, kuma ana maganinsa.

Batun a mayar da su, ni ba zan ce miki haramun ba ne, akwai gidajen da na ba da shawarar a canza wa yaro hannu da kaina, musamman inda duka ya yi yawa ko matar ta kai inda ba ta iya kallon yaron. Amma ku ba ku kai nan ba, kuma sake ɗaga yaran da aka riga aka ɗaga sau ɗaya ba ƙaramin abu ba ne a zuciyarsu, za su ɗauka su ne ba a so. Ku ba kanku wata uku zuwa huɗu bayan kun yi wancan zaman kun raba aikin da gaske. In ya ƙi zama, ko ya zauna ya ce ki ji tsoron Allah ya tashi, ki nemi mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, kawunsa ko limamin unguwarku ko aminin mamacin, ba taron dangi ba, ya zaunar da ku. In an yi duk wannan abin bai canza ba, sai a koma teburin dangi a sake shawara, wannan karon da ke a zaune, a duba har da ɓangaren kakarsu ta wajen uwa, wadda a mazhabarmu ta Malikiyya ita ke gaba a haƙƙin raino bayan uwa ta yi aure.

A wannan satin dai ki fara da asibitin yaron, kuma ki roƙi maigidan ku tafi tare, shi ya riƙe katin, shi ya amsa tambayoyin likita da kunnensa ya ji cewa ba sakacinki ba ne. A hanyar dawowa in kin ga fuskarsa a sake sai ki ce masa akwai maganar da kike so ku yi da daddare. Ki sake rubuto min bayan kun zauna in ji yadda kuka yi. Allah ya sanyaya miki, ya shirya yaran, ya ba ki naki masu albarka.